An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ƙurajen Fuskar Manya da Ƙazafin da Ake Wa Abinci

Duk zangon da ka shiga a ƙasar nan, daga Nima da Mamobi zuwa Aboabo da Asawase har Tamale, akwai wata kotu da ba ta zuwa hutu. Ita ce wadda ke zama a kan fuskar mace idan ƙuraje suka feso mata. Ba 'yar shekara sha biyar nake nufi ba, wadda kowa ya san na balaga ne. Ina maganar mace mai shekara talatin ko fiye, mai aure ko mai jiran miji, wadda ƙuraje suka yi wa sansani a haɓa da muƙamuƙi, suna tafiya suna dawowa, kowanne in ya tashi ya bar mata baƙin tabo. A gidan suna ake yanke hukunci, a gidan biki a sake maimaita shi, kuma wanda ake tuhuma kullum ɗaya ne, wato abin da ta ci. Gwaggo ta ce gyaɗa ce. Maƙwabciya ta ce ƙwai ne. Wata ta ce manja, wata ta ce nono, wata ta rantse maiƙo ne ya ɓata mata jini.

Da a bakin gwaggo abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba, domin ita ba ta karɓar ko sisi, kuma don ƙauna take faɗa. Abin da ya sa shiru ya zama laifi shi ne tsohon camfin nan ya samu sabuwar riga da farin gilashi. A WhatsApp da TikTok, da ƙananan shagunan da ke kiran kansu wuraren duba lafiya, an samu masu sana'ar da ke cewa ƙurajen manya alama ce ta jiki ba ya jituwa da wani abinci, kuma wai suna da gwajin da zai tona asirin abincin. Mace ta biya, a miƙo mata takarda mai dogon jerin abin da za ta ƙaurace wa, a haɗa mata da ƙunshin shayin wanke jini na wata uku. Ni dai na ce wannan ciniki ha'inci ne. Yana cin kuɗin matanmu, yana rage musu abinci, kuma mafi muni yana kawar da idonsu daga inda cutar take kwance.

Bahaushe yana da kalma ɗaya da yake rufe abubuwa daban-daban da ita: "abin nan bai karɓe ni ba." A ƙarƙashinta akwai larurori biyu da ba su haɗa hanya ba. Ta farko ita ce wadda garkuwar jiki ke ɗaukar wani abinci a matsayin abokin gaba. Mutum ya ci gyaɗa ko ƙwai ko jatan lande, cikin mintoci ko awa ɗaya zuwa biyu borin jini ya tashi masa, leɓe ya kumbura, wani lokaci maƙogwaro ya shaƙe har numfashi ya gagara. Wannan ba abin wasa ba ne, yana kisa, kuma mai shi dole ya bar abincin. Amma ku lura da kamanninsa: ruɗu-ruɗu ne masu ƙaiƙayi da ke fitowa nan take su kuma baje cikin kwana ɗaya. Ba su da farin kai, ba sa ɗurar ruwa, ba sa zaɓar haɓa.

Ta biyu kuwa a hanji take. Misalinta da kowa ya sani shi ne madara. A cikin madara akwai wani sukari da jariri ke narkar da shi da wani sinadari da hanjinsa ke fitarwa. Bayan yaye sinadarin yana raguwa a jikin mafi yawan 'yan Adam, kusan kashi biyu cikin uku na manyan duniya, kuma mu mutanen Afirka ta Yamma muna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Fulani da sauran makiyaya ne da yawansu suka gaji ikon narkar da ita har tsufa, gadon dubban shekaru na zama da saniya. Shi ya sa wani zai sha kofin madara ya kwana lafiya, wani ya sha rabinsa cikinsa ya ɗauki ƙugi da kumburi da iska da gudawa. Kakanninmu, ba tare da sun san sunan sinadarin ba, sun samo mafita: a bar nono ya yi tsami, ko a yi wagashi da shi, sai sukarin ya ragu, ciki ya fi ɗauka. To a duk wannan ina fuska ta shigo? Wanda madara ba ta karɓa ba cikinsa ne ke ba da labari, kuma cikin 'yan awoyi.

Ƙurjin fuska tafiyarsa daban. A ƙarƙashin fata akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ke ƙera maiƙo, su turo shi waje ta ƙofar gashi. Jiki ne ke ƙera maiƙon nan da kansa bisa umarnin sinadaran da ake kira homon, musamman irin na maza, wanda mata ma suna da rabonsu a ciki. Ba man da aka soya ƙosai da shi ne ke ratsa ciki ya ɓullo a kumatu ba. Idan maiƙon ya yi yawa, matattun ɓawon fata suka manne da shi, ƙofar ta toshe. Ƙwayoyin cutar da dama can suna zaune lafiya a fatar kowa sai su samu ɗaki rufaffe su hayayyafa, wurin ya kumbura. Daga toshewar farko zuwa ranar da za a ga ƙurjin a madubi makonni ne. Saboda haka wadda ta ci ƙuliƙuli daren Talata ta wayi gari Laraba da ƙurji, ta kama ɓarawon da bai zo unguwar ba tukuna lokacin da aka yi satar. Kuma tunda mutumin zango da wuya ya yi kwana uku bai ci abin da gyaɗa ta taɓa ba, ko a miya ko a yaji ko a koko, duk ranar da ƙurji ya fito za a same ta a kusa. Haka ake gina camfi, kuma haka yake daɗewa.

Mu zo ga gwajin. Iri biyu ne suka fi yawo. Akwai na'urar da ake ba ka ɗan ƙarfe ka riƙe a tafin hannu, an jona shi da kwamfuta, cikin minti ɗaya ko biyu ta zayyano maka halin hantarka da ƙodarka da ƙashinka da abincin da ba ka jituwa da shi. Ba a ɗauki jini ba, ba a karɓi fitsari ba, ba a ko taɓa ƙurjin ba. In da ƙarfe a tafin hannu yana wannan aiki, da manyan asibitocin duniya sun rufe ɗakunan gwaje-gwajensu sun huta da kashe kuɗi. Na biyun ya fi wayo, domin jini ake ɗauka da gaske, a auna wani sinadarin garkuwa mai suna IgG a kan abinci iri-iri. Sai dai likitocin wannan fanni sun daɗe da bayyana cewa samun IgG a kan wani abinci shaida ce kawai ta cewa mutum yana cin abincin, jikinsa ya san shi. Ƙungiyar likitocin fannin ta Turai ta fitar da matsaya a 2008 cewa kada a yi amfani da wannan gwaji wajen gano rashin jituwa da abinci, ta Kanada ta bi sahu a 2012, ta Amurka ma a kan haka take. Ku duba abin dariyar da ke ciki: idan aka yi wa matar zango wannan gwaji, abin da zai fito shi ne masara da gero da wake da shinkafa da gyaɗa. Ta biya kuɗi mai yawa an karanto mata abin da ke cikin madafinta, sannan aka ce ta daina ci.

Shayin wanke jinin da ake haɗawa da takardar shi ma a dube shi. Da yawansu ganyen da ke sa gudawa ne a ciki, dangin filasko. Mace ta sha ta kwana tana zarya, a ce mata ai dattin ne ke fita. Jini ba tukunya ba ne balle a wanke shi. Hanta da ƙoda ke wannan aiki dare da rana ba tare da an biya su ba. Abin da ke fita ruwan jikinta ne da gishirinsa.

Kada wani ya ce na wanke abinci tas. Ban wanke shi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma masu bincike sun shinshino warin. A 2002 aka wallafa rahoton likitocin da suka duba mutum 1,200 a tsibirin Kitaba na ƙasar Papua New Guinea, da mutum 115 daga ƙabilar Ace ta ƙasar Paraguwai, ba su samu ƙurajen fuska a cikinsu ba, har da samari da 'yan mata. Mutanen tsibirin doya da dankali da kifi da kwakwa suke ci. Su kuwa Ace, ban da naman daji, rogo suke nomawa da masara da, ku saurara da kyau, gyaɗa. Abin da babu a akushinsu sai kaɗan shi ne farin sukari da fulawa da lemon kwalba. Wannan bai isa hujja shi kaɗai ba, domin jinsi da yanayin rayuwa ma sun bambanta, amma ya nuna inda za a haƙa. A 2007 a birnin Melbon na Ostareliya aka raba samari 43 gida biyu na mako goma sha biyu. Waɗanda aka ɗora a kan abincin da ba ya ɗaga sukarin jini da sauri ƙurajensu sun fi raguwa. A 2020 wani bincike a Faransa a kan manya fiye da 24,000 ya ga masu ƙuraje sun fi shan madara da abin sha mai zaƙi da cin kayan maiƙo da sukari.

Batun madarar ɗan maƙwabtanmu ne ya fara ɗaga shi da ƙarfi. Clement Adebamowo, likita ɗan Nijeriya, yana Jami'ar Harvard ya jagoranci binciken da aka wallafa a 2005 a kan mata ma'aikatan jinya fiye da 47,000 a Amurka, aka ga waɗanda suka fi shan madara a shekarun sakandare sun fi ba da labarin ƙuraje masu tsanani. Abin mamaki, alaƙar ta fi ƙarfi ga madarar da aka yaɗe wa mai, wanda hakan kaɗai ya isa ya girgiza masu cewa maiƙon abinci ne ke komawa fuska. Binciken yana da rauni, tunda an tambayi mata abin da suka sha shekaru da dama baya, kuma ganin abu biyu tare ba ya tabbatar da ɗaya ne ya haifi ɗayan. Amma ko a yadda yake, bayanin da masana ke bayarwa ba shi da alaƙa da rashin narkewa. Sukari da fulawa da madara suna ɗaga insulin da wani sinadarin girma da ke tafiya tare da shi, su kuma su zuga jakunkunan maiƙo. Wannan yana iya faruwa ga Bafulatanar da madara ta karɓa ɗari bisa ɗari, kamar yadda yake faruwa ga samarinmu masu ɗaga ƙarfe da ke shan garin gina tsoka da aka tace daga madara, bayansu ya cika da ƙuraje. Babu gwajin rashin jituwa da zai nuna shi, domin ba rashin jituwa ba ne.

Yanzu mu ɗora wannan sani a kan teburin karin kumallonmu. Kokon da duk ƙasar nan ta sa wa sunan Hausa, da gyaɗa da ƙosai ake shan sa. Matar da aka yanke wa hukunci za ta zo wurin mai koko ta ce kada a zuba mata gyaɗa, ta ƙi ƙosai saboda mai, sannan ta sa a zuba sukari cokali uku da madarar gwangwani, ta haɗa da burodi mai zaƙi ko fanke. Ta kori abu biyun da ke rage gudun sukari zuwa jini, ta riƙe waɗanda bincike ya nuna da yatsa. Da rana lemon kwalba mai sanyi, da yamma burkina da aka cika wa sukari, da dare shayi mai kauri da Milo. Gwamnati ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan abin sha mai zaƙi a 2023 saboda ciwon sukari da ƙiba, mu kuwa a zango har yanzu gyaɗa muke wa shari'a. Wadda ke son ta gwada abinci da gaskiya, ga hanya ba ta biyan kowa: ta rage zaƙi da fulawa, ko ta ajiye madara, abu ɗaya a lokaci ɗaya, na wata biyu zuwa uku, ta gani. Wasu za su ga sauƙi, wasu ba za su ga komai ba, kuma ko ga wadda ta ga sauƙin, abinci taimako yake ba magani ba.

Duk wannan taiki ne. Jakin yana ɗaki, a gaban madubi, cikin kwalba.

Kowa ya san abin da nake nufi, kuma kowa yana kauda kai. Man bilicin da ke cike da kasuwanninmu, da haɗin da ake damawa a roba a ba shi suna mai daɗi a ce na gyaran fata ne kawai, da yawansu suna ɗauke da magungunan asibiti masu ƙarfi na dangin sitiroyid, irin su kulobetasol da betametason. An yi su ne don a shafa a ɗan wuri na 'yan kwanaki bisa umarnin likita. Idan aka mayar da su man shafawa na kullum, cikin sanannun illolinsu akwai ƙuraje, kuma suna da kamanni na musamman: ƙanana ne, girmansu ɗaya kamar an auna, suna fesowa tare a fuska da ƙirji da baya. Fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsaga jiki, makero da ƙazuwa su samu wurin zama. Maganin yana ratsa fata ya shiga jini, ya iya kawo hawan jini da ciwon sukari. A wani bincike da aka wallafa a 2003 a kan mata 368 da suka je asibitin fata a Dakar, fiye da rabinsu suna shafa man bilicin a lokacin, kuma ƙurajen fuska na cikin manyan abin da ya kawo su. Shi kuwa haidurokwinon, in aka daɗe ana shafa shi, baƙin da aka gudu shi yake dawowa da shi, dabbare-dabbare a kan ƙashin kumatu, irin wanda ba ya fita. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar nan ta hana shigo da kayan shafa masu ɗauke da shi tun Agustan 2016. Kodebuwa ta riga mu a 2015, Kamaru ta biyo a 2022. Wanda ya zaga kasuwa ya san dokar tana takarda, kwalaben suna kan tebur.

Tarkon da ke ciki shi ne abin tausayi. Baƙar fata tana da wata ɗabi'a: duk inda ta kumbura, in ta warke sai ta bar tabo mai duhu da kan yi watanni. Mace ta fito da ƙuraje biyu na al'ada, ta matse su, suka bar tabo. Ƙawa ta kawo mata mai na goge tabo. Mako biyun farko fuska ta yi luwai, domin sitiroyid yana kwantar da kumburi da farko. Bayan wata biyu ƙuraje su feso ninkin na da. In ta daina, fatar da ta saba ta yi bore, ta yi ja, ta yi zafi, sai ta koma da gudu. Garin gyaran gira an tsone ido. A nan ne mai sayar da man, wadda sau da yawa ita ce mai sayar da shayin, za ta dube ta da fuskar tausayi ta ce, "Hajiya, anya ba kya cin gyaɗa?" Ta sayar da cutar da hannun dama, tana sayar da maganin ƙarya da na hagu, laifin kuma ya koma kan kwaɗayin mai saye.

Haka batun ƙwayoyin ƙiba da ake ɗura wa amare kafin biki, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Cikinsu akwai dekzametason, ɗan gidan su kulobetasol ne, sai dai shi haɗiya ake yi. Fuska ta kumbura ta yi zagaye, a ce amarya ta yi kyau, bayan biki ƙuraje su rufe ta, dangin miji su ce girkin gidan ne bai karɓe ta ba. Har man kitso mai kauri yana da nasa rabon. Tun 1970 likitocin fata a Amurka suka bayyana ƙurajen goshi da gefen fuska da man gashi ke jawo wa baƙaƙen fata. Ga hoda mai nauyi da ake kwana da ita, ga goge fuska da soso da sabulu mai kaifi sau huɗu a yini da sunan tsabta, alhali ƙuraje ba ƙazanta ba ce, gurzawa ƙara musu fushi take.

Me ya sa muka fi son tuhumar gyaɗa? Domin gyaɗa ba ta da dangi. In aka tuhumi kwalba, dole a tambayi wanda ya sa aka saye ta, kuma amsar tana zaune a majalisar maza da ɗakin uwar miji. Mu ne muke cewa a nemo mana fara. Mu ne muke yabon amarya da cewa ta yi haske, kamar da can a duhu take. Namijin da ke zagin masu bilicin a shafinsa da safe, da yamma hoton wadda ta fi kowa shafawa yake bi yana yabo. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi ya sa zancen kwalba ba ya daɗewa a majalisa sai a canza shi.

Akwai kuma wadda ba ta taɓa shafa komai ba, ita ce ma na fi ji. Ƙuraje a haɓa da muƙamuƙi da suka ƙi jin magani, tare da al'adar da ke tsallake wata biyu ko uku, da gashi da ke tsirowa a haɓa ko ƙirji, da ƙiba a ciki, da duhu a bayan wuya, alamu ne na wata larura ta jakar ƙwan mace da likitoci ke taƙaita sunanta da PCOS. Tana samun kimanin mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi yawan masu ita ba su san suna da ita ba. Tana cikin manyan dalilan jinkirin samun ciki, tana kuma buɗe ƙofar ciwon sukari. Ana gano ta da tambayoyi da gwajin jini da hoton ciki, kuma akwai maganin da ke daidaita al'ada, akwai wanda ke taimakawa a samu ciki. Fuskar wannan baiwar Allah tana ta kiran a duba ciki, mu kuwa mun ba ta takardar hana cin ƙwai. Ta yi shekara biyu tana bin takarda, shekara biyun da aka yi ana ƙirga mata watanni a gidan miji, ana raɗe-raɗin sammu, ana shirin kawo mata abokiyar zama. Wanda ya karɓi kuɗinta ya ce mata wake ne, yana da kaso a cikin wannan hawaye. Ko allurar tazarar haihuwa ta wata uku da ashanar da ake sawa a dantse suna iya tayar da ƙuraje ga wasu mata, abin da ma'aikaciyar jinya za ta warware cikin hira ɗaya ta hanyar duba wata hanyar da ta fi dacewa.

Sannan a lissafa abin da ake cirewa daga kwanon. Gyaɗa, wake, ƙwai, nono, kifi: su ne naman talaka. A ƙasar da binciken lafiya na ƙasa ya nuna kimanin mata huɗu cikin goma na fama da ƙarancin jini, a ce wa mai ciki ko mai shayarwa ta bar waɗannan, me aka bar mata? Tuwo da shinkafa da burodi, wato zallar abin da ke ɗaga sukari. Attajirar da ke Turai in an hana ta madara tana da abin maye iri goma a kanti. Matar da ke sayar da waake a bakin titi ba ta da su. Kuma ban ga ta inda ya halatta mutum ya haramta wa wani abin da Allah ya halatta masa, bisa shaidar ƙarfen da aka riƙe a tafin hannu, don ya sayar da ganye.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi. Za a ce likitocin fata a ƙasar nan ba su da yawa, galibinsu suna Akra da Kumasi, a manyan asibitoci irin Korle Bu da Komfo Anokye, layi kuma dogo ne. Za a ce tsohuwa ko matar da ba ta yi boko ba takan tsaya gaban ma'aikacin da ba ya jin Hausa, ita ba ta sake da Turanci ko Tuwi ba, ta kasa faɗin abin da ya shafi al'adarta, ta fito da kunya. Mai shayi kuwa Hausa take yi mata, ta kira ta da sunan ɗanta na fari, ta saurare ta rabin awa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne jarin masu ha'incin gaba ɗaya. Sun gane cewa mu tsiraru ne masu ƙishin wanda zai yi mana bayani da harshenmu, sai suka mayar da harshen ƙugiya. Amma zangon yau ba na jiya ba ne. Muna da 'ya'ya ma'aikatan jinya da ungozomomi da masu ilimin haɗa magunguna da likitoci. Ina suke a rukunonin WhatsApp na mata, inda sautin mai shayi ke yawo daga waya zuwa waya? Sautin minti uku da Hausa daga bakin 'yar unguwa mai farar riga zai yi aikin da wannan dogon rubutu ba zai yi ba. Magajiyoyi da malaman makarantun matan aure su ba su wuri, kamar yadda ake ba mai tallan turare wuri a taro.

Abin da za su faɗa ba mai tsawo ba ne. Ƙurajen manya suna da magani, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar babban asibiti. Akwai na shafawa da aka daɗe da tabbatar da amfaninsu, irin su benzoyil feroksaid da adafalin, akwai na sha da likita ke rubutawa na ƙayyadadden lokaci. Dukansu suna son haƙuri na mako takwas zuwa goma sha biyu, kuma sukan ɗan busar da fata da farko. Mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa tun kafin a rubuta mata, domin wasunsu, musamman ƙwayar aisotiretinoyin, suna nakasa ɗan tayi. Wadda ta daɗe tana shafa haɗi ko shan ƙwayar ƙiba kada ta yanke rana ɗaya; janyewa a hankali ake yi a ƙarƙashin kulawa. Ranar da za ta je, ta tafi da wadda za ta yi mata tafinta in da buƙata, ta riƙe kwanakin al'adarta na watannin baya, ta zuba duk kwalaben gaban madubin a leda, har da robar da ba ta da suna, ta aza su a teburin likita. Gyaɗar kuwa a mayar mata cikin kokonta.